Ruwan da Barewa Take Sha

Samarkand, 20 ga Fabrairu

Zuwa ga yayata, Opa Sanobar,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafa? Ina fata ƙashin yana kamawa, kuma kina bin maganar likita, ko da yake na san ba ki saba bin maganar kowa ba. Oyi, mahaifiyarmu, tana gaishe ki, matata Nigora da yara ma haka.

Opa, da ba a kwance kike ba, da na ce ki nemi wuri ki zauna. Mahaifiyarmu ta yarda za ta je garinsu Kitob. Yayarta, Hola Bibisora, ta aiko cewa bana za ta sa a dafa sumalak, kunun tsiron alkamar nan, a gidanta ranar Navruz, bikin ficewar sanyi, kuma a gaya wa ƙanwarta ita fa ba ta jin za ta ga wani Navruz ɗin bayan wannan, mai zuwa ya zo. Kin san shekara huɗu ke nan rabon da su sa juna a ido. Hola ba ta iya tashi, Oyi kuma tun rasuwar Dada, mahaifinmu, ba ta wuce bakin unguwa ba. Na karanta mata saƙon ina jiran "Allah ya kai mu" ɗin nan tata, sai na ji ta ce, "Zan je. Amma a motar da ta kawo ni." Na ce, "Oyijon, motar maƙwabcinmu sabuwa ce dal, har kujerarta ɗumi take yi." Ta ce, "To ka ɗauki kujerar ka kai wa Bibisora."

Ranar na rufe shagon aski da mutum biyu a kan benci, na zo na yaye wa Barewa, motar Dada, bargonta. Bugu ɗaya ta tashi. Volgar da ta girme ni da shekara biyar, ga 'yar barewar nan ta kan bonet tana walƙiya kamar jiya aka ƙera ta. Don murna kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha.

Matsala guda ce, kuma ƙarama. Shekara ukun nan da rasuwar Dada iyakar tafiyarta maƙabarta ranar Juma'a, ta dawo. Jiya na ce bari in gwada ta a hanyar dutse. Ko gindin hawan Tahtakaracha ban kai ba allurar zafi ta kwanta a ja, lagireto ya hau tafasa kamar tukunyar miya. Na jira ta huce, na lallaɓo gida. In ta yi mini haka a tsakiyar hawa, da Oyi a baya, ga sanyi, ina zan sa kaina?

Ni dai ban canza mata komai ba. Ruwan idon ruwan nan na kabarin waliyyi Hoja Bobo nake ba ta yadda Dada ya saba. In sanyi ya shigo, kullum da yamma in buɗe famfo biyun in zubar don kada ya daskare ya fasa inji, da safe in ɗura sabo.

Na leƙa kasuwar kayan mota. Ruwan lagireto ga shi nan iri-iri, kore, shuɗi, ja, har da mai ruwan hoda. Mai shago ya ce ja ne na zamani, shekara biyar ba canji. Tunanina in sayi jan in haɗa da ruwan Dada rabi da rabi, ga zamani ga albarka. Ke kika shekara talatin kina koyar da ilimin sinadarai, sai ki faɗa mini launin da zan saya. Ki rubuto, kada ki kira, tunda kin ce a waya ba na barin mutum ya kai aya. Saura wata ɗaya cif.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Erkin

*

Tashkent, 23 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Erkin,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na gode da gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, amma sai Afrilu za a kwance ɗaurin, don haka Kitob ba da ni ba, kuma wannan ya fi mini karayar ciwo. Na yi hawaye da na karanta maganar Oyi. Na daɗi ne, kuma kada ka faɗa wa kowa.

Yanzu ajiye almakashi ka saurara, ukam, ƙanena. Ka saba da kan da ba ya yi maka gardama, inji ba haka yake ba.

Ba launi ake saya ba. Launin nan rini ne kawai, kowane kamfani da wanda ya ga dama. Juya jarkar ka karanta bayanta. Injin Barewa alminiyam ne daga kai har gangar jiki, lagiretonta kuma jan ƙarfe ne da tagulla da aka like da dalma. Ƙarafa daban-daban in suka daɗe a ruwa guda, ɗaya cin ɗaya yake yi, kuma alminiyam ake fara ci. Abin da take bukata shi ne irin na da, wanda aka rubuta yana da silikat, aka kuma rubuta ya dace da alminiyam. Shi ne yake yi wa ƙarfen shafe ta ciki ya kare shi. Galibi kore ne ko shuɗi, amma na ce ka karanta. Jan nan na mai shagonka ba shi da laifi, don motocin yanzu aka yi shi. Ba ya kula da dalma da tagulla yadda ya kamata, tsofaffin gaskit ma ba sa shiri da shi. Kada kuma ka yi mini wayon gauraya iri biyu, suna iya dunƙulewa su toshe hanya.

Rabi shi, rabi tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir. Da wannan ba zai daskare ba ko ta kwana a waje a Kitob, ka huta da buɗe famfo. Duk shekara biyu a canza. Yana da zaƙi kuma guba ne, ka nisanta shi da kyanwar Oyi da kaji da gindin inabi.

Tafasar kuwa, ruwan idon nake zargi. Na san ranka zai ɓaci. Ruwan duwatsun can cike yake da farar ƙasa, in ya yi zafi sai ta like a jikin ƙarfe ta toshe hanyoyin ruwa. Ba sai ka yarda da ni ba. Ɗauki tsohuwar tukunyar matarka, zuba lita ɗaya na ruwan, tafasa shi har ya ƙone, ka leƙa gindinta. Gani ya kori ji.

Ka sumbaci hannun Oyi a madadina. Ka ce ta fito da rigar silikinta ta atlas ta sha iska.

Yayarka,
Sanobar

*

Samarkand, 27 ga Fabrairu

Opa malama,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ke ma haka. Unguwa ta ɗauka. Duk wanda ya zauna a kujerata sai ya tambayi Barewa kafin ya tambayi iyali. Nigora ta ɗinka wa kujeru fararen riguna, na goge jikin motar har ina gyara gashin bakina a ƙofarta. Oyi ta fito da atlas tun kafin saƙonki ya iso.

Na tafasa ruwan. Gindin tukunya ya yi fari fat, sai da farce na kankare, Nigora ta ce ki aiko mata da wata. Wannan na ba ki. Amma malama, ga tawa jarrabawar.

Kin san labarin, amma bari in tuna miki, tunda mutanen birni mantuwa gare su. Ranar da Dada ya aro motar nan daga masana'antar auduga ya je ɗauko amarya daga Kitob, a ƙolin hawan ta tafasa ta tsaya, amarya a baya tana kuka. Ango da rigar angonci ya ɗauki bokiti ya ruga idon ruwan da ke gefen kabarin Hoja Bobo, ya ɗura mata, ta tashi, ba ta ƙara tsayawa ba sai ƙofar gida. A nan ya yi alkawari in motar ta zama tasa ba za ta sha wani ruwa ba. Da ta zama tasa ya mai da ita tasi a hanyar Kitob, shekara arba'in da ɗaya yana dawowa da garwar madara cike da ruwan nan. Jiya na je wurin Usta Yoqub, bakaniken da ya buɗe injin shekara biyu kafin rasuwar Dada. Ya rantse hanyoyin ruwan tas suke kamar farantin amarya. To in ruwan ne mai laifi, ina farar ƙasar shekara arba'in ta tafi? Me ya sa sai a hannuna?

Usta ya ce datti ne kawai, in wanke cikinta da sodar da ake sabulu da ita, yadda yake yi wa manyan motoci. Na samo, ranar Asabar zan zuba. Bayan nan zan sa koren naki, amma a kan ruwan Dada.

Opa, kina wurin a asibiti ranar da Dada zai cika. Bai ce gida ba, bai ce gonar inabi ba. Hannuna ya kama ya ce, "Ka riƙe ta yadda na riƙe ta." Ba zan ɗauki matarsa in wuce ta gaban idon nan da ruwan batir a cikin motarsa ba. Wannan kam ba zan iya ba.

Ki huta lafiya.
Erkin

*

Tashkent, 1 ga Maris

Erkin,

Salam. Na ba direban tasi wannan don ta riga Asabar isa, gaisuwa sai a ta gaba.

Kada ka zuba sodar nan. Injinan Usta na baƙin ƙarfe ne, naka alminiyam ne, soda kuwa cin sa take yi kamar gara. Jiƙa kaɗan a kwalba a tsakar gida, jefa tsohon cokalin alminiyam, ka ja baya ka gani. In ka zuba ta a Barewa, ba Kitob ba, ko maƙabarta ba za ta ƙara zuwa ba.

Tambayarka ba ni da amsarta, kuma abin yana cina. Ina shekarar farko a jami'a na taɓa yi wa Dada wannan maganar, dariya ya yi mini. Amma tukunya ba ta ƙarya. In ka nace a kan ruwan idon, zan turo mijin 'yata da motarsa, Oyi ta shiga ko ta fasa. Ba zan yarda tsohuwa mai shekara saba'in da takwas ta tsaya a kan dutse cikin dusar ƙanƙara saboda taurin kanka ba.

Sanobar

*

Samarkand, 4 ga Maris

'Yata Sanobar,

Ina gaishe ki, ina yi miki addu'a, Allah ya ɗora ƙafar nan. Ki yi haƙuri da girman haruffa, idona ba ya ganin layi.

Ƙanenki a tsakar gida yake karanta wasiƙunki da ƙarfi yana ba su amsa, don haka na ji komai. Sodar bai zuba ba, cokalin ya yi kumfa ya yi baƙi, ya tsorata. Amma ya ari mota ya je ya ciko garwa biyu daga idon, ya ce in kin turo surukinki ba zai buɗe masa ƙofa ba. Kuna faɗa a kan abin da ni na ƙulla, gara in kwance.

Sanyin farko da motar ta yi a gidanmu, ubanku ya buɗe famfo da yamma. Na tsaya ina kallon ruwan Hoja Bobo yana malala a ƙasa, kaji suna tattakawa, ya gangara kwata. Ruwan da mahaifiyata take yini a kan jaki ta ɗebo wa marar lafiya. Raina ya ƙi. Na yi magana, ya ce alkawari ya ɗauka. Ban ƙara ba.

Da safe aikina ne in ɗumama ruwan mota in kai masa a bokiti. Sai na ɗebo daga gangar ruwan sama da ke ƙarƙashin indararo, wanda nake wanke gashi da shi, na tace da ƙyalle, na ɗumama, na miƙa masa. Nasa kuma na juye a samowar, butar shayinmu mai gawayi, na dafa shayi. Na ce yau kaɗai. Yau kaɗai ɗin nan ce ta kai shekara arba'in da ɗaya. In ganga ta daskare, dusar ƙanƙara nake narkarwa. Da rani ma in za a ƙara mata, ni ce mai miƙa bokiti. Ruwan waliyyi kuwa ku kuka shanye shi, a shayi da kwaɓin gurasa, sauran na raba wa maƙwabta marasa lafiya.

Da ya rasu, Erkin ya hana ni ɗaukar bokiti saboda bayana. Kai tsaye yake ɗura mata daga garwa, ina kallo ta taga. Sau nawa na buɗe baki na rufe. Yaya zan dubi ɗa in ce masa na shekara arba'in ina yi wa ubansa musanye? Ban san kuma yana cutar motar ba. Ni ban yi karatunku ba, zunubi kawai na sani.

Ke ki gaya masa, ni nauyinsa nake ji. Ki ce ya hanzarta. An ce Bibisora ta rage cin abinci, kuma ina so in same ta tana gane mutane.

Allah ya yi miki albarka.
Oyinki, Tursunoy

*

Tashkent, 7 ga Maris

Ukam Erkin,

Assalamu alaikum, da gaisuwar da na ci bashinta. Ka fara karanta takardar da na saka a ciki, mai manyan haruffa, sannan ka dawo kan tawa.

Ka gama? Ga amsar jarrabawarka, kuma ba ni na ci ba. Ruwan sama ɗan'uwan tataccen ruwa ne, ba farar ƙasa a cikinsa. Dada ya ce ka riƙe ta yadda aka riƙe ta, to ga yadda aka riƙe ta. Na yi dariya har ƙafar ta amsa, daga baya na kasa dariyar.

Saura mako biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Usta ya cire lagireto ya wanke shi daban. Injin kuma, ɗebi garin tsamin lemon da Nigora take sa wa tumatirin kwalba, tafin hannu biyu a bokitin ruwan ɗumi. Ɗura, kunna ta minti ashirin, bari ta huce, zubar. Kada ka bari ya kwana a ciki. Ka yi ta ɗauraya har ruwan ya fito garau, sannan ka sa sabon.

Kada ka ce wa Oyi komai da zai sa ta sunkuyar da kai. In ka yi, da sandata zan zo.

Yayarka,
Sanobar

*

Samarkand, 14 ga Maris

Opajon,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida sandar.

Da na karanta takardar Oyi, cikin mota na shiga na rufe ƙofa, na fi awa guda a zaune. Kwana biyu na kasa haɗa ido da ita. Ba fushi ba ne. Dada ne yake ba ni tausayi. Mutum ya shekara arba'in yana dakon garwa, yana buga sitiyari yana faɗa wa fasinja sirrin motarsa, ashe sirrin yana ƙarƙashin indararo. Sai nake ji kamar mun taru muna yi masa dariya a bayan idonsa.

Rana ta uku da safe na fito na tarar da rabin bokitin ruwan sama a gefen tayar gaba, an rufe shi da farin ƙyalle, yana ɗan tururi. Oyi tana can tana ba kaji hatsi, ta ba ni baya. Da shi na fara ɗauraya.

Opa, ki zo ki ga abin da ya fito daga cikin injin nan. Farin taɓo, kamar ana wanke kwanon kindirmo. Sau shida na ɗauraye. Usta ya zura sanda a bututun lagireto, rabinsu a toshe. Na gaya masa maganar cokali, ya ce shi dama gwada ni yake yi.

Na koma kasuwa da tabarau. Na ɗauki jarka na juya, na ajiye, na ɗauki wata. Mai shago ya ce, "Babban yaya, jarida kake karantawa ko saya za ka yi?" Na ce, "Ɗan'uwa, yayata ta ce wanda ya sayi launi rini ya saya." A jarka ta tara na ga silikat, na ga alminiyam, har na karanta masa da ƙarfi. Shuɗi ne mai ɗan kore-kore. Na haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, da kofin awon Nigora.

Ba ki faɗa mini ɗan banzan ruwan nan ya iya neman ƙofa ba. Inda tsohon ruwan bai taɓa ɗiga ba, nan ya samu, tiyo biyu suka fara yoyo. Na canza su, na ɗaure.

Jiya na hau da ita har rabin Tahtakaracha. Allura ta tashi, ta zo tsakiya, ta tsaya. Ina kallonta tana kallona. Na sa giya ta biyu a kwana mafi tsayi, ko gezau. Ni kaɗai a mota na yi ta danna hon har wani makiyayi ya ɗaga mini sanda. Da yamma kuma sai ga ni a durƙushe ina laluben famfo, sai da Nigora ta ce, "Me ka yar?"

Saura kwana shida mu tashi. Yi mana addu'a.

Naki,
Erkin

*

Kitob, 22 ga Maris

Opajon,

Assalamu alaikum daga gidan Hola. Mun iso. Na so in ja miki rai, na kasa.

Shekaranjiya da hantsi muka tashi, rabin unguwa a ƙofar gida, but ɗin mota cike da gurasa da zabibi da saƙon mutane. Oyi ta zauna a baya ta hannun dama, inda ta zauna tana amarya, da atlas da farin mayafi. Muka fara hawa. Dusar ƙanƙara tana nan a gefen hanya, amma bishiyoyin almon na ƙasa sun yi fure. Ni idona ɗaya a titi, ɗaya a allura. Can sai na ji ta ce, "Kalli gabanka, yaro, ita ta san hanya." Barewa ta hau dutsen nan a natse, ko tari ba ta yi ba.

A ƙoli ta ce in tsaya. Na riƙe ta muka gangara idon. Ta yi wa Hoja Bobo addu'a, ta yi wa Dada, ta wanke fuska, ta sha tafi uku. Na cika garwar Dada, ta dube ni. Na ce, "Na shayi ne, Oyijon." Ta yi murmushi, sai hawaye. Daga nan na kasa riƙe abin da ke cina, na ce, "Dada ya sani?" Ta dubi ruwan ta ce, "Ban taɓa faɗa masa ba, bai taɓa tambayata ba. Ya tafi da haƙƙinsa a wuyana. Kullum ina roƙon ya yafe."

Muna shiga layin su Hola na danna hon. An ce tana kwance ta ɗago kai ta ce, "Motar da ta sace mini ƙanwa ce. Ku fitar da ni." A kan kujera jikokinta suka ɗauko ta zuwa ƙofa. Ta rame, Opa, amma idonta tar. Ta dubi Oyi ta ce, "Tursunoy, kin tsufa." Oyi ta ce, "Ke kuma an ce ba kya cin abinci, don kada a ce kin girme ni?" Suka rungume juna, matan gidan suka ɓarke da kuka, ni kuma na buɗe bonet na sa kaina ciki kamar ina duba wani abu.

An kawo kujerunsu bakin tukunyar sumalak, suka riƙe muciya ɗaya suka juya tare. Hola ta ci cokali bakwai, jikarta ta ƙirga. Yau da safe ruwan kwatar gidan ya daskare, ban buɗe famfo ba jiya, kuma Barewa ta tashi bugu ɗaya.

Komai ya yi, sai abu guda. Tun maganar bakin idon nan Oyi takan yi shiru a tsakiyar dariya. Da ban tambaye ta ba.

Kowa yana gaishe ki. Na ajiye miki sumalak a kwalba.

Ƙanenki,
Erkin

*

Tashkent, 25 ga Maris

Ukam,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Sau uku na karanta.

Na ce maka ina jami'a na yi wa Dada maganar ruwan nan ya yi mini dariya. Sai da na karanta tambayarka sauran ya dawo mini. Yana zaune ne a baranda da samowar tsakanin ƙafafunsa, yana kankare farin ɓawon cikinsa da cokali, aikin da yake yi duk shekara bai taɓa bar wa kowa ba. Na gama laccata, ya ɗago mini cokalin cike da farar ƙasa ya ce, "Wannan kike nufi, 'yata? Kwantar da hankalinki. Ni ɗebowa ce tawa. Uwarku ita ta san wanda ya kamata ya sha."

Shekara talatin da bakwai ina zaton raina karatuna ya yi.

Ka dafa shayi da ruwan garwar, ka zaunar da Oyi, ka karanta mata wannan a hankali.

Yayarka,
Sanobar